Malam Edita, wannan lambar dala ce ko tamma?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, ya aiki ya jama'a, ya kuma fama da mu masu ƙorafi. Ni dai ɗaya ne daga cikin masu bin jaridarku a talho, wato waya, daga nan Damagaram, na daɗe ina karantawa ban taɓa cewa uffan ba, amma yau kam sai na yi magana, kuma ka yi haƙuri wasiƙar za ta ɗan yi tsawo don ni malamin lissafi ne, mu kuwa in muka kama alli ba mu san ajiyewa ba sai an kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya taso da ni wani zane ne da kuka saka kwanakin baya cikin labarin tsadar hatsi. Jan layi ne ya taso daga ƙasa ya miƙe sama kamar zai fasa shafin, gefen hagu ga lambobi a jere, ƙasa ma ga wasu lambobin, shi ke nan fa. Ba a rubuta komai a gefen ba, ba a rubuta komai a ƙasan ba. Muna zaune a fada bayan isha'i ana jiran shayi na biyu sai na miƙa wa kawuna talhon, shi mutum ne da ya tsufa cikin harkar hatsi a kasuwar Dole, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma kafin ka lalubo kalkuleta ya gama lissafin da ka. Ya ƙura wa zanen ido can ya ce, "Ɗana, wannan lambar dala ce ko tamma?" Na ce kawu ba su faɗa ba. Ya ce "To tiya ce ko buhu?" Na ce nan ma shiru. Ya ce "Kasuwar ina ce, tamu ko ta Maradi ko Dawanau?" Da ya ga na fara sosa ƙeya sai ya maido min talhona ya ce, "Kai da mai zanen duk jirgi ɗaya ya kwaso ku, kun dai ga ja ya hau." Ƴan fada suka kwashe da dariya, ni kuwa abin ya tsaya min a rai don gaskiya ya faɗa.

Wanda ba ɗan Nijar ba zai ga kamar tambayar kawu ta tsokana ce, alhali ita ce tambaya ta farko. Mu nan ba da tamma ake ciniki ba, da dala ake yi, tamma ita ce sefa ɗaya, tamma biyar kuma ita ce dala ɗaya. In ka rubuta 200 tsirara a jikin zane, ɗan kasuwa zai karanta dala 200 wato jika guda, sefa 1000, ɗan lakwal kuma zai karanta sefa 200 wato dala 40 kacal. Ninki biyar ke tsakaninsu kuma lamba ɗaya suke kallo. Sannan ga ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka, Daura, Kano, Katsina, su ma suna karanta ku, su kuma kansu zai tafi kan naira da mudu ko kwano. Tiya wajen kilo biyu da rabi ce in gero ne, buhu kuma kilo 100, to ka ga in ba a faɗi ma'auni ba zanen nan ado ne kawai.

Bari in faɗi inda na samu bakin magana. Bayan aikin aji, da yamma nakan taimaka wa ɗaliban jami'a masu rubuta kundin kammala karatu, wanda muke ce wa mamuwar, wajen lissafin alƙalumansu da zana su. Da wata manhaja nake aikin mai suna R, harafi ɗaya tak. Harshen kwamfuta ne da aka yi shi musamman don ƙididdiga, malamai biyu ne suka fara shi a jami'ar Auckland ta ƙasar Niyuzilan a farkon shekarun 1990, Ross Ihaka da Robert Gentleman, duk sunansu da R ya fara, kuma sun ɗora shi ne kan wani tsohon harshe mai suna S da John Chambers da abokan aikinsa suka ƙirƙira a Bell Labs ta Amurka. Fitowa ta 1.0 ta zo ranar 29 ga Fabrairu 2000. Abin da ya ja ni gare shi ba wani zurfin ilimi ba ne, kyauta ne, ko dala ba a biya, ka sauke shi sau ɗaya shi ke nan ko ba intanet yana aiki, kuma tsohuwar kwamfutata da batirinta ya mutu tana ɗaukarsa in dai akwai kuran, wato wutar lantarki. Na kawo zancensa ne don in nuna muku abin da nake roƙo ba aikin kwana da kwanaki ba ne, layi ɗaya ne ko biyu na rubutu.

Kowane zane irin wannan layi biyu ke riƙe da shi, na kwance a ƙasa da na tsaye a hagu, waɗanda a lakwal aka koya mana da absis da ordone, ko x da y. Ni a aji layin kwance da layin tsaye nake ce musu kuma yara sun fi saurin kamawa. A jikin kowane layi akwai abu uku, ƴan gajerun tsage irin na jikin awon tela, lambar ko sunan da ke gaban kowace tsaga, sai kuma sunan layin kansa wanda ke gaya maka me ake aunawa kuma da me. Wannan na ukun shi ne kuka bari, kuma shi ne mafi sauƙi duka. A R in ka ce plot ka ba shi alƙaluma zai zana, sai ka ƙara xlab="Wata" da ylab="Kuɗin tiyar gero da sefa", main kuma shi ne kan zanen, inda za ka faɗi kasuwa da shekara. An gama. Abin dariyar ma shi R ba ya barin wurin fili, in ka ƙi ba shi suna sai ya ɗauko sunan kolon ɗin, wato jerin alƙaluman da ka yi amfani da shi, ya manna, shi ya sa za ka buɗe mamuwar ɗin yaro ka ga an rubuta d$prix_moy2 a gefen zane, an buga an ɗaure an kai gaban malamai a haka. Na ga wannan ya fi a ƙirga. Duk sanda na gani na san yaron bai sake kallon zanensa ba tunda ya fito, ya dai kwafa ya liƙa.

Daga nan kuma sai ƙananan abubuwa masu cin rai. R in ka bar shi da halinsa, lambobin layin tsaye a kishingiɗe yake rubuta su suna bin layin, sai ka karkata wuya kamar mai leƙen rijiya kafin ka karanta. Maganinsa las=1, lambobi su miƙe su zauna daidai yadda ido ke karatu. In ka sa las=2 kuma sai rubutun ya gicciye layin, na ƙasa su tsaya a tsaye, wannan yana da amfani in sunaye dogaye ne. Kuma akwai wani halin nasa da ya taɓa ba ni kunya. Wata ɗaliba ta zo da alƙaluman sassan jiharmu, Mirya, Magarya, Kance, Dungas, Gure, Tanut, Takeita, Belbeji, Tesker, Damagaram Takaya, goma cif, muka yi zane mai sanduna, sanduna goma suka fito lafiya lau amma sunayen da ke ƙasa ba su cika goma ba. Ashe shi R in ya ga suna zai hau kan ɗan'uwansa sai ya tsallake shi kawai, ba gargaɗi ba sallama. Ni ban lura ba ita ma ba ta lura ba, sai wani abokin karatunta ɗan Damagaram Takaya ne ya leƙo ya ce "To mu an cire mu daga jihar ne?" Tun ranar nake ƙirga sunaye da yatsa kafin in ce an gama. In sunaye sun yi tsawo irin haka abin da ya fi shi ne ka kwantar da sandunan gaba ɗaya da horiz=TRUE, sunaye su dawo hagu kowa da layinsa, sannan ka buɗa musu wuri. Filin gefen zane da par(mar=...) ake gyara shi, lamba huɗu yake karɓa, ƙasa, hagu, sama, dama, asalinsu 5.1 da 4.1 da 4.1 da 2.1, in ka ga suna ya yanke a hagu sai ka ɗaga ta biyun zuwa 9 ko 10. Wannan jerin na ƙasa hagu sama dama shi ne dai lambobin gefuna 1, 2, 3, 4 a ko'ina cikin R, ka fara daga ƙasa ka bi yadda hannun agogo ke tafiya, in ka riƙe wannan ka huta.

Shi ma wajen zaɓen inda zai sa tsage yana da nasa ra'ayi, yana son lambobi masu daɗin faɗa, 1 ko 2 ko 5 da ninkinsu na goma-goma. Galibi hakan daidai ne. Amma ka ba shi wata goma sha biyu ka gani, zai rubuta maka 2, 4, 6, 8, 10, 12, wa ke kiran Agusta da 8 a bakin kasuwa? Ko ka ba shi shekara uku kacal, sai ka ga 2020.5 a ƙasan zane, shekara dubu biyu da ashirin da rabi, wai. A nan ne ake karɓe linzamin daga hannunsa. Ka ce xaxt="n" wato kar ka zana min layin ƙasa, sannan ka zana abinka da axis(1, at=1:12, labels=wata), inda wata jerin sunaye ne da ka rubuta da hannunka, Jan, Fab, Mar, Afr har zuwa Dis. Dole ka rubuta da kanka don sunayen watannin da ke ajiye cikin R na Turanci ne. Wannan umarni na axis shi ne zuciyar maganar duka, at yana faɗin ina za a tsaga, labels yana faɗin me za a rubuta a wurin, kuma dole yawansu ya zo ɗaya in ba haka ba ya ƙi. Wani abin lura ga mai zanen sanduna, tsakiyar sandunan ba a kan 1, 2, 3 take ba, a kan 0.7 da 1.9 da 3.1 take saboda ratar da ke tsakani, to sai ka ajiye abin da barplot ya dawo maka da shi ka ba at, in ba haka ba sunaye su zame, sunan Tanut ya koma ƙarƙashin sandar Gure.

Har yanzu kan watanni, akwai tarkon da ya fi wannan muni don shi zanen fes yake fitowa ba ka ganin alamar matsala. In ka shigar da watanni a matsayin kalmomi, kwamfuta ba ta san Janairu ke gaba ba, jerin abacada take bi. Sai ka ga Afrilu, Agusta, Disamba, Fabrairu, Janairu, Maris, Mayu, Nuwamba, Oktoba, Satumba, Yuli, Yuni. Ka yi tunanin zanen ruwan sama na Damagaram a wannan jeri, mu da ruwanmu bai wuce wajen milimita 400 a shekara ba kuma kusan duka tsakanin Yuni da Satumba yake sauka, Agusta ce uwar damina, sai ga Agusta ta zo ta biyu tana tsaye ƙiƙam tsakanin Afrilu da Disamba, wata biyun da ko ɗigo ba a sa rai. Manomi in ya ga haka cewa zai yi mai zanen bai taɓa kwana a ƙasar nan ba. Da factor ake gyarawa, ka ba shi levels ka jera watannin yadda Allah ya jera su. Ni har nakan ƙara wani abu a ƙasan watannin da mtext, in rubuta rani, bazara, damina, kaka, saboda kawu da ire-irensa da waɗannan suke lissafi, kowa ya san hatsi na araha da kaka yana tsada in rumbu ya yi ƙasa ana tsakiyar noma, in ka sa wannan a layin kwance to zanen ya fara magana da harshen mai kallonsa. In labarin na sukari ne ko mai ko dabino sai a nuna inda azumi ya faɗo a shekarar, tunda kowace shekara yana matsowa da wajen kwana 11.

Sai maganar lambobi manya. R yana da son gajarta, in ya ga 100000 sai ya rubuta 1e+05 don ya fi gajarta da harafi ɗaya, sai ka ga layin tsaye ya cika da 0e+00, 1e+05, 2e+05. Wani yaro ya taɓa kirana da dare hankali tashe wai virus ya shiga kwamfutarsa. Ba virus ba ne, rubutun masana kimiyya ne, ɗaya da sifili biyar, amma ba mai karatun jarida da zai gane shi kuma ba dolensa ba ne. Ka rubuta options(scipen=999) a farkon aiki ya daina. Ni ma dai na fi son a raba lambar da dubu ko da miliyan a rubuta a sunan layin, misali "Yawan jama'a, da miliyan", sai lambobin su zama 1, 2, 3, ido ya huta.

Nan kuma Malam Edita akwai abin da ya shafe ku kai tsaye tunda iyaka biyu kuke ciyarwa. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, 3,5 uku da rabi ke nan, dubbai kuma da ɗan fili muke raba su, 3 500. Su kuma na Najeriya ɗigo suke sa wa uku da rabi, 3.5, waƙafi kuma na dubbai ne, 3,500. To in kuka rubuta 3,500 a layin tsaye, ɗan Kano ya ga dubu uku da ɗari biyar, ɗan Zinder mai bin ƙa'idar lakwal zai iya ganin uku da rabi. R yana iya kowanne, cikin format akwai big.mark da decimal.mark, kai ne za ka zaɓa, har ma akwai read.csv2 da aka tanada don fayil irin namu mai waƙafi. Ban ce ku bi namu ba ban ce ku bi nasu ba, ku dai tsaya kan ɗaya kuma ku faɗa, ni a ganina raba dubbai da fili ya fi zama lafiya don ba wanda zai ruɗe da shi.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ta wuce mantuwa ta kusa shiga ha'inci ko da ba da niyya ba, wato daga ina layin tsaye ya fara. Bari in ba da misali da abin da kowa zai iya dubawa. A ƙidayar jama'a ta 2012 jihar Zinder ce ta fi kowace yawan mutane a Nijar, miliyan 3 da dubu 500 da ɗoriya, Maradi na bin ta da wajen miliyan 3 da dubu 400. Bambancin wajen kashi 4 cikin 100 ne kawai. In ka zana sanduna biyu daga sifili za ka gan su kusan kai ɗaya, tamu ta ɗan ɗara kaɗan, kuma gaskiyar ke nan. Amma ka datse layin ka fara daga miliyan 3 da dubu 300, sai sandar Zinder ta ninka ta Maradi har da ƙari. Ba lambar da aka canza, ba wanda ya yi ƙarya da baki, amma duk wanda ya kalla zai tashi da cewa mun ninka Maradawa, mu ji daɗi a banza su kuma su ce an yi musu maguɗi. Dalili shi ne ita sanda da tsawonta take magana, ido tsawo yake aunawa ba ya tsayawa karanta ƴan lambobin gefe, in ka yanke mata ƙafa ka canza abin da take faɗa. Tun William Playfair ɗan Sikotlan da ya fito da zanen sanduna a 1786 amfanin abin ke nan, a kwatanta tsawo da tsawo. Excel yakan datse layin da kansa in lambobin sun yi kusa da juna, shi ya sa da yawa ba su ma san sun yi ba. A nan na yaba wa R, barplot daga sifili yake farawa sai in kai ka tilasta masa.

Amma kar a ce na ce kowane zane sai daga sifili, a'a. Zanen layi daban ne, shi hawa da sauka yake nunawa. In zafin gari kake zanawa, mu da muke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, ba ma'ana ka fara daga sifili ka bar rabin takarda fili ba komai, sifilin digiri ma ba wai babu zafi ke nan ba. Ka fara daga inda ya dace da ylim, amma ka rubuta lambobin ɓaro-ɓaro yadda mai kallo zai san daga ina aka taso. Jan layin naku na hatsi ina kyautata zaton haka aka yi masa, an matse shi ne har ƙaramin tashi ya zama kamar hawan dutsen Birni, to ko ba haka ba ne ba yadda za mu yi mu tantance tunda ba a rubuta ba.

Yaran yanzu sun fi son ggplot2, wani ƙari ne da ake ɗora wa R wanda Hadley Wickham ya rubuta, shi ma ɗan Niyuzilan ne, kuma gaskiya zanensa ya fi kyau da ido. A can labs ke sa sunaye, x da y da title, har da caption inda za ka rubuta daga ina alƙaluman suka fito, INS ce, wato hukumar ƙididdiga ta ƙasa, ko SIMA mai bin farashin kasuwannin amfanin gona ko kuwa wakilinku ne ya zaga kasuwa da kansa, wannan ma kawu ya tambaya. Sai dai yana da nasa ramin. In ka rage layin da limits cikin scale_y_continuous, duk alƙalumin da ya faɗa waje zubar da shi yake yi kafin ya yi lissafi, ya ɗan rubuta maka gargaɗi a ƙasa wanda ba mai karantawa, matsakaicin da zai zana ma sai ya canza. In sanduna ne kuma ka cire sifili sai su ɓace ƙaf ka zauna kana kallon farin allo. In matso da kallo kawai kake so, coord_cartesian ake amfani da shi, shi ba ya zubar da komai. Zane mai layin tsaye biyu kuwa, ɗaya hagu ɗaya dama, a ce ruwan sama da farashi a tare, ana iya yi da axis(4) amma ni ba na so, don kana iya ja ko matse ɗayan har layukan su yi kamar tare suke tafiya alhali kai ne ka haɗa su aure. Gara zane biyu, ɗaya bisa ɗaya, su yi tarayya a layin kwance.

Na san abin da mai haɗa muku shafi zai ce, wai haruffanmu masu ƙugiya ba sa fitowa a zane shi ya sa ake barin wurin fili ko a bar shi da Faransanci ko Turanci yadda aka samo shi. Da can yana da hujja, ni ma na sha wahalar nan, ka rubuta kuɗi ya fito da ƴar akwati ko ɗigo-ɗigo a tsakiya, ƙasa ta koma wani abu daban. Amma tun fitowar R 4.2 a Afrilun 2022 ya koma aiki da UTF-8 a kan Windows, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna shiga lafiya. Abin da ya rage biyu ne, ka zaɓi irin rubutun da ke da haruffan kamar DejaVu Sans ko Noto Sans, sannan in PDF za ka fitar kar ka yi da pdf na asali don shi har yanzu yana tuntuɓe a kansu, ka yi da cairo_pdf. Kuma wannan ba ƙawa ba ce, kowa ya san bambancin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, in kana zanen hatsin da aka yi ɓarinsa ka rubuta bari ai ka sauya labari. Tunda a 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa a nan Nijar, abin kunya ne jaridar Hausa ta rubuta labari da Hausa tsantsa sannan zanen da ke tsakiyarsa ya zo da baƙon harshe ko ya zo bebe.

Kuma a tuna yawancinmu a talho muke karanta ku, allon bai fi tafin hannu ba, wasu ma ya tsage. Rubutun da ya yi daidai a kwamfutar biro, wato ofis, in ya zo talho ƙwayar gero yake komawa. Ku ƙara masa girma da cex.axis da cex.lab, ku rage yawan tsage, biyar ko shida sun isa, sannan kafin a saki zanen a tura wa wani a talhonsa, wanda bai san labarin ba, a tambaye shi me ya gani. In da hali ma a ba mai gadi ko mai shayin ƙofar biro, in ya yi irin tambayar kawu to a koma a gyara.

Roƙona dai Malam Edita, wancan zanen na hatsi ku sake saka shi, a rubuta a gefe ko sefa ce ko naira, tiya ko buhu, a ƙasa a sa watanni da sunansu, a sama a faɗi kasuwa da shekara. Na yi wa kawu alkawarin zan kawo masa amsa, kuma tun ranar duk dare in na iso fada kafin in zauna sai ya ce "Ɗana, dala ce ko tamma?" In mai zanen naku yana so, ya turo alƙaluman ta hannunku in rubuta masa layukan R ɗin in maido, ba sai an biya ni ba, ranar Lahadi ba ni da aji.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin lissafi, unguwar Zango, Damagaram